Bashin Katin Kanti a Amurka: Inda Ikon Mai Bin Bashi Ya Tsaya

Wata maƙwabciyarmu a Bronx da ke birnin New York, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa wata Lahadi da yamma, idanunta sun yi jajir. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, don Allah duba mini wannan." Lamba ɗaya ce ta kira ta sau goma sha ɗaya tsakanin Juma'a da Asabar, kira ɗaya ƙarfe shida da rabi na safe. Ta ce kiran ta daɗe da sabawa da shi. Abin da ya hana ta barci shi ne mutumin ya nemo lambar ƙanwarta da ke aure a wata jiha, ya gaya mata cewa yayarta ta ci bashi ta gudu, kuma idan ba a biya ba kafin ƙarshen mako za a turo 'yan sanda, takardun zamanta ma za su shiga matsala. Kafin gari ya waye zancen ya isa gida wurin mahaifiyarsu.

Bashin na kujeru ne da katifa. Kuma kusan duk abin da mutumin nan ya yi, dokar Amurka ta haramta shi tun 1977.

Sai an fahimci yadda katin kanti yake kafin a gane dalilin da ya sa bashinsa ke saurin kai mutum ga wannan hali. Ka je biyan kuɗi a babban kanti, mai karɓar kuɗi ta yi maka murmushi ta ce idan ka buɗe katinsu yanzu za a rage maka kashi 15 ko 20. Cikin minti uku an amince. Ga baƙon da bai daɗe da zuwa ba, wanda bankuna ke ƙin ba shi kati don ba shi da tarihin kiredit, wato bayanin yadda ya saba cin bashi da biya, wannan kamar an buɗe masa ƙofa ne. Sunan kanti ne a jikin katin, amma kuɗin na banki ne. Katin Lowe's da na JCPenney bankin Synchrony ke bayar da su, na Home Depot da na Macy's Citibank, na Target bankin TD, na Kohl's kuwa Capital One. Kuɗin ruwan irin waɗannan katunan ya fi na katin banki na yau da kullum, da yawansu sun haura kashi 30 a shekara.

Mafi muni shi ne tallar nan ta "babu ruwa idan ka gama biya cikin wata 12". Ruwan yana nan yana taruwa a ɓoye tun ranar da ka ɗauki kaya. A ce ka sayi kayan dala 1,800, kana biyan 140 duk wata ba fashi. Wata goma sha biyu ya cika, saura dala 120 a kanka. Sai a dawo da ruwan shekarar gaba ɗaya, wajen dala 300, a ɗora maka lokaci guda. Idan aka yi rashin sa'a wannan ya zo daidai da lokacin da aka rage maka awannin aiki, ko aka yi rashin lafiya a gida kana aika kuɗi, sai tarar jinkiri ta dala talatin zuwa arba'in ta riƙa hawa kowane wata. Haka abin ya faru da maƙwabciyata.

Bayan kusan kwana 180 ba a biya ba, banki yakan rubuta bashin a jerin asararsa. Mutane da yawa suna jin wannan sai su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba. Ko dai banki ya ba wani kamfani kwangilar karɓowa, ko ya sayar da bashin kacokan, dubbai a dunƙule, kamar yadda ake sayar da dilar gwanjo. Akwai manyan kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Midland Credit Management na rukunin Encore, da Portfolio Recovery Associates, da LVNV Funding. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta yi bincike a 2013 ta gano cewa dillalan nan suna sayen bashin dala ɗaya a kan kimanin santi huɗu. Wato bashin dala 2,000 yana iya zama an saye shi dala 80. Sau da yawa abin da mai saye ke samu jerin sunaye ne da lambobi, ba tare da takardun asali ba. Ka riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba.

Dokar nan ta 1977 da ke tsare mutane ana kiranta FDCPA a taƙaice, kuma a ƙarshen Nuwamba 2021 hukumar kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta fara aiki da wasu ƙa'idoji da suka fayyace ta. Mai karɓar bashi ba shi da izinin kiranka kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan tara na dare, da agogon garin da kake. Idan ya kira fiye da sau bakwai cikin kwana bakwai a kan bashi ɗaya, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya keta doka, haka ma idan kun yi magana ya sake kira kafin mako ya zagayo. A nan akwai giɓin da nake ganin an bari da gangan don daɗaɗa wa masu sana'ar: ƙidayar a kan kowane bashi take, ba a kan mutum ba. Mai katuna uku a hannun kamfani ɗaya yana iya shan kira 21 a mako, kuma a ce ba a yi laifi ba.

Zagi haramun ne, barazanar duka haramun ce, haka yin ƙaryar cewa shi lauya ne ko jami'in gwamnati, ko ƙara kuɗin da yarjejeniya ba ta ambata ba. Idan ka gaya masa wurin aikinka ba a yarda da irin wannan kira ba, dole ya daina kiran can. Amma abin da ya fi shafar mutanenmu shi ne batun dangi. Doka ta yarda ya tuntuɓi wani, ɗan'uwa ko maƙwabci, don neman adireshinka ko lambarka kawai, a bisa al'ada sau ɗaya tak, kuma ba zai faɗa masa cewa ana bin ka bashi ba. Mijinki ko matarka da lauyanka suna cikin 'yan kaɗan ɗin da zai iya tattauna bashin da su. A Facebook ko Instagram yana iya aiko maka saƙo na sirri idan ya bayyana ko shi wane ne, amma ba zai rubuta a inda abokanka za su gani ba. Ko ambulan ɗin wasiƙarsa bai kamata ya nuna cewa maganar bashi ce a ciki ba.

Masu wannan aiki sun san inda ke yi mana ciwo. Bahaushe yana iya jure talauci, amma tonon asiri yana karya shi. Wanda ya ga abin da manhajojin ba da rance suka yi a Najeriya, suna aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙo cewa ɓarawo ne, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar, FCCPC, ta kai musu samame a Legas a 2022, ya san salon. Kunya ce jarin. Ga wanda ke zaune a ƙasar waje, wanda gida ke yi wa kallon ya samu, kunyar ninki biyu ce. Shi ya sa za ka ga mutum ya fasa adashi, ko ya ci wani bashin mai ruwa mafi tsanani, don kawai kada a sake kiran ƙaninsa. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Maganar kamu kuwa, ba a ɗaure mutum a Amurka saboda ya kasa biyan katin bashi. Shari'a ce ta neman haƙƙi tsakanin mutum da kamfani, ba ta laifi ba, kuma kamfanin karɓar bashi ba shi da iko a kan takardun zaman kowa. Duk wanda ya ce maka zai turo 'yan sanda ko jami'an shige da fice, ko dai yana keta doka, ko kuma ɗan damfara ne da babu bashin ma a hannunsa. Alamar ɗan damfara ba ta ɓuya: zai ce ka biya yanzu-yanzu da katin kyauta na kanti ko ta aika kuɗi ta waya, kuma zai ƙi ba ka adireshin kamfaninsa. Abu ɗaya ne kawai ke iya jawo kamu, shi ne alƙali ya ba da umarnin ka bayyana gabansa bayan an yanke hukunci, ka ƙi zuwa. Wannan raina kotu ne, daban yake da bashin.

To yaya ake tsayar da su? Da takarda. Baki ba ya barin shaida.

Cikin kwana biyar da tuntuɓarka ta farko, dole kamfanin ya aiko maka da sanarwa mai ɗauke da sunan wanda ke bin bashin, da adadinsa, da bayanin yadda ruwa da tara suka kai shi wannan adadi. Daga ranar da ta iso kana da kwana 30 ka rubuta musu cewa ba ka yarda ba, a kawo hujja. Da zarar wasiƙarka ta isa cikin wannan wa'adi, dole su dakatar da duk wani yunƙurin karɓa har sai sun aiko da tabbaci. Ko ka san kai ka ci bashin, ina ba da shawarar a yi wannan. Ba yaudara ba ce. Bashin da ya bi hannu uku ko huɗu yakan canza kama a hanya, ana samun wanda aka riga aka biya, da wanda aka kumbura, da wanda ma na wani ne mai suna irin naka. A tsakaninmu kuwa Muhammad Abdullahi nawa ne a unguwa ɗaya? A 2015 hukumar CFPB ta tilasta wa Encore mayar wa jama'a kuɗi har dala miliyan 42 da tarar miliyan 10, ita kuma Portfolio Recovery miliyan 19 da tarar miliyan 8, kuma daga cikin laifin akwai bin basussukan da ba su tantance ba. A 2023 aka sake cin Portfolio Recovery sama da dala miliyan 24.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta "ku daina tuntuɓata". Layi uku ya isa: sunanka, lambar da suka ba bashin, da umarnin su daina. Bayan ta isa gare su, abin da ya rage musu kawai shi ne su sanar da kai sun daina, ko su sanar da kai wani mataki da za su ɗauka, kamar kai ƙara. A gidan waya ka ce a yi mata rajista tare da shaidar karɓa. Za a manna wani ɗan koren kati a bayan ambulan, wanda ya karɓa ya sa hannu, katin ya dawo akwatinka. Na raka maƙwabciyata gidan waya ranar Litinin kafin ta wuce aiki. Da koren katin ya dawo bayan kwanaki, ta sa shi cikin ledar da take ajiye fasfo da takardun haihuwar yara. Daidai ta yi, don darajarsa ta kai nan.

Daga nan sai rubuta komai. Littafi ɗaya, rana, lokaci, lamba, sunan da mai kira ya bayar, abin da ya ce. A ɗauki hoton jerin kiran da ke waya, kada a goge saƙon murya. Ƙanwar da aka kira ita ma ta rubuta abin da aka gaya mata tun bai shige mata ba. Ɗaukar muryar mai kira ya danganta da jiha: a New York ya halatta idan kai kana cikin maganar, a Kalifoniya sai da yardar ɗaya ɓangaren. Da wannan shaida mutum yana iya kai kamfanin ƙara, a biya shi diyyar cutar da aka yi masa, da ƙarin da bai wuce dala 1,000 ba, kuma kamfanin ne zai biya kuɗin lauya idan aka yi nasara. Saboda haka akwai lauyoyin da ke karɓar irin wannan ƙara ba tare da ka ba su ko sisi ba. Dala dubun nan dai tun 1977 take a haka ba a ƙara ba, kuma ga kamfanin da ke juya miliyoyi ba ta kai ta tsorata shi ba. Wa'adin kai ƙarar shekara ɗaya ne, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa ana ƙirga shi daga ranar da aka yi laifin, ba daga ranar da ka gano ba.

Dokar tana da inda ba ta kai ba, kuma gara a sani tun wuri. Ta shafi masu karɓar bashin wani ne. Idan bankin da ya ba ka katin ne da kansa ke kiranka a watannin farko, FDCPA ba ta hau kansa ba, sai dai dokar jiha, kamar dokar Rosenthal ta Kalifoniya da ta haɗa har da ainihin mai bashi. A 2017, a shari'ar Henson da Santander, Kotun Ƙoli ta ce kamfanin da ya sayi bashi yana karɓa don kansa bai shiga ɗaya daga cikin ma'anoni biyu na mai karɓar bashi ba, ko da yake wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke bayan shekara biyu cewa wanda sayen bashi ne babbar sana'arsa yana ciki. Sannan bashin amfanin gida kaɗai ta kare. Wanda ya yi amfani da katin kanti ya sayo kayan gyaran gidaje don kwangilarsa, ko kayan da zai loda a kwantena ya sayar a Kano ko Kumasi, ya san cewa za a iya ce masa bashin kasuwanci ne. Ita kanta CFPB tun farkon 2025 gwamnati ke ƙoƙarin rage mata ma'aikata da ƙarfi, don haka wanda zai kai koke ya haɗa da ofishin babban lauyan jiharsa.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a saurara. Wasiƙar dakatar da kira tana kashe wayar, ba ta kashe bashin. Kamfanin da aka rufe wa ƙofar waya yana iya bin ƙofar kotu, kuma a can ne ake yi wa mutane illar da ba ta warkewa da wuri. Cibiyar Pew ta fitar da rahoto a 2020 cewa ƙararrakin bashi a kotunan jihohi sun tashi daga ƙasa da miliyan 1.7 a 1993 zuwa kusan miliyan 4 a 2013, kuma a wuraren da aka duba, fiye da kashi 70 ana yanke su ne a bayan idon wanda ake ƙara don bai amsa ba. Mutum ya saba ƙin ɗaga waya, ya saba jefa wasiƙunsu a shara, sai sammaci ya zo ya bi sahunsu. Kwana 20 zuwa 30 ne wa'adin amsawa a yawancin jihohi. Idan ya wuce, alƙali ba zai tambayi hujjar kamfanin da tsanani ba, zai ba shi abin da ya nema. Da hukunci a hannu ana iya riƙe asusun banki, ana iya yankar albashi har kashi 25 na abin da ya rage bayan haraji. Wasu jihohi, kamar Texas da Pennsylvania da North Carolina inda 'yan Nijar suke da yawa a Greensboro, sun hana yankar albashi kan irin wannan bashi, amma asusun banki bai tsira ba.

Wanda ya je ya amsa kuwa, lissafin yana juyawa. Kamfanin da ya sayi jerin sunaye sai ya nuna yadda bashin ya fito daga banki ya iso hannunsa, mataki bayan mataki, da yadda adadin ya kai haka. Sau da yawa nan suke neman sulhu. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙara, shekara uku zuwa shida a yawancin jihohi. New York ta mayar da nata shekara uku daga Afrilu 2022. Bashin da ya wuce wa'adi, haramun ne a kai ka ƙara a kansa ko a yi maka barazanar ƙara. Sai dai a jihohi da dama, biyan ko da dala goma yana farfaɗo da wa'adin daga farko, shi ya sa mai kira yake lallaɓa ka da "ɗan ba da wani abu don nuna kyakkyawar niyya". New York ta toshe wannan hanya, wasu ba su toshe ba. Kafin a biya tsohon bashi, a tambayi lauyoyin agaji na kyauta da ke kusa.

Na san wani zai ce, Malam, wannan ba koya wa mutane cin bashi su ƙi biya ba ne? Ba haka nake nufi ba. Mun taso muna ganin yadda ake tsayawa a gaban gawa a yi cigiyar duk wanda ke bin mamaci bashi, don mun san nauyinsa har a kabari. Wanda ya karɓi kaya ya biya kuɗinsu idan Allah ya hore masa. Amma addinin da ya wajabta biya shi ne ya ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma bai ba kowa lasisin ƙarya da cin mutunci ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan ɗabi'a tamu ta cigiya ma ana amfani da ita a kan matan da mazansu suka rasu. A dokar Amurka, daga dukiyar da mamaci ya bari ake biyan bashinsa. 'Ya'ya da 'yan'uwa ba dole ba ne su biya daga aljihunsu sai idan sun sa hannu tare da shi, ko da yake a jihohin da ke ɗaukar dukiyar ma'aurata a matsayin ta tarayya, kamar Kalifoniya da Texas, abin yana iya shafar mata ko miji. Iyalin da suka zaɓi su sauke wa mamacinsu nauyi don Allah, su yi, bayan sun ga hujja a rubuce, ba don wani ya tsorata su a waya cikin kwanakin takaba ba.

Idan aka zo sulhu, kada a biya komai sai yarjejeniya ta zo a takarda, tana faɗin adadin da cewa shi ne ƙarshen magana. Kada a ba su damar cirar kuɗi kai tsaye daga asusun da albashi ke shiga. Idan abin da aka yafe ya kai dala 600, a sa ran takardar haraji mai lamba 1099-C, domin hukumar haraji tana iya lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Tabon kuma yana zama a tarihin kiredit shekara bakwai daga lokacin da aka fara kasa biya, sayar da bashin ga wani ba ya sabunta ƙidayar.

Maƙwabciyata wayarta ta yi shiru kusan wata huɗu. Sannan wata rana ta tarar da sammaci. Wannan karon ba ta yi kuka ba, ta ɗauko ledarta, ta nemi hutun rabin yini, muka hau jirgin ƙasa zuwa kotun da ke Grand Concourse ta shigar da amsarta. Wata lauyar agaji ta karanta littafin da take rubuta kiraye-kirayen, ta tsaya a kan shafin da ƙanwarta ta rubuto, ta nemi a ba ta kwafi. A zama na biyu lauyan kamfanin ne ya fara neman a yi magana a waje. An tsaya a kan kuɗin da bai kai rabin abin da suka nema ba, dala 60 duk wata, a rubuce, da sa hannun alƙali. Tana biya ranar biyar ga wata, kuma rasit ɗin yana shiga ledar nan.